Injin Yankan Ciyawa Na Hawa: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Tuƙa Shi Lafiya Da Kula Da Shi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kula da filayen ƙwallo da harabar makarantu da manyan lambuna suka fi yi game da injin yankan ciyawa da ake hawa a tuƙa. Na yi shekaru ina kula da filin wata makaranta tare da ma'aikatansa, kuma abin da na fi gani shi ne a miƙa wa mutum makulli ba tare da an miƙa masa littafin injin ba. Alƙaluman da na kawo a nan su ne waɗanda yawancin masu ƙera injunan suka yi tarayya a kansu, amma duk inda littafin injinka ya faɗi wani abu dabam, maganar littafin ce abin bi.

Wane irin inji ne wannan, kuma daga ina ya fito?

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙera injin yankan ciyawa na farko a 1830, kuma nasa turawa ake yi da hannu. Na hawa ya yaɗu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gidaje masu faɗin fili suka yawaita a bayan birane, har kamfanin John Deere ya fitar da ƙaramar taraktarsa ta lambu ta farko a 1963. A yau iri biyu aka fi samu. Akwai mai kama da ƙaramar tarakta, inji a gaba, sitiyari a hannun matuƙi. Akwai kuma wanda ba shi da sitiyari sai sanduna biyu, kowace tana sarrafa tayar baya guda, shi ya sa yake iya juyawa a inda yake tsaye. Dukansu galibi suna ɗauke da wuƙaƙe biyu ko uku da ke jujjuyawa a ƙarƙashin wani faffaɗan murfin ƙarfe mai kama da kasko a kife, wanda zan riƙa kira kasko daga nan zuwa gaba. Injunan da ke cikinsu galibi na Briggs & Stratton ne ko Kohler ko Kawasaki, kuma iska ce take sanyaya su, ba ruwa ba.

Abin da ba ya gudu, kuma a zaune ake tuƙa shi, ina haɗarinsa yake?

Haɗarin yana ƙarƙashin ƙafafun matuƙi, inda idonsa ba ya kaiwa. Gaskiya ne mai sitiyari galibi ba ya wuce kimanin kilomita 9 a awa ɗaya, amma wuƙarsa labarinta dabam ne. Ƙa'idar masu ƙera injunan a Amurka ta ƙayyade cewa kada bakin wuƙa ya wuce ƙafa 19,000 a minti ɗaya, wato kimanin kilomita 347 a awa, kuma injuna da yawa suna kusantar wannan iyaka. Wuƙar da ke irin wannan gudu ba ta san bambancin ciyawa da yatsa ba, kuma duk abin da ta buga, tsakuwa ce ko ƙusa ko guntun waya, tana cilla shi da ƙarfin da zai iya fasa ido daga nesa.

Sannan akwai nauyi. Ƙaramin ma yakan kai kilo 200, manyan da 'yan kwangila suke amfani da su kuwa suna haura kilo 400. Idan irin wannan ya kife a kan mutum, ba zai iya ɗaga shi da kansa ba. Abin da ya sa na fi jin tsoron na hawa a kan na turawa shi ne daɗin zaman, domin wanda ke tura inji yana jin sa a hannunsa kowane lokaci, wanda ke zaune a kujera kuwa bayan rabin awa sai hankalinsa ya tafi wani wuri.

Wa ya cancanci ya tuƙa shi? Akwai laifi idan na ɗauki ɗana a cinya mu zagaya sau ɗaya?

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar cewa kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa na hawa, kada kuma wanda bai kai 12 ba ya riƙe na turawa. Babban ma sai an nuna masa aikin kowane maɓalli, ya kuma gwada tuƙi a fili shimfiɗaɗɗe da wuƙaƙe a kashe kafin a bar shi ya fara yanka. Wanda ya sha maganin da ke sa barci, ko ya kwana bai runtsa ba, ya bar aikin zuwa wata rana.

Ɗaukar yaro kuwa, amsar ita ce a'a, ko da wuƙaƙen suna kashe. Kujera ɗaya ce, kuma ba a yi wa kowa wurin riƙewa ba. Amma babban dalilin ya wuce batun faɗuwa. Yaron da aka taɓa ɗauka sau ɗaya ya riga ya ɗauki injin a matsayin abin wasa, don haka gobe da ya ji ƙararsa zai sheƙo a guje domin a sake ɗaukarsa, kuma sau da yawa ta baya zai zo, inda matuƙi ba ya gani, ƙarar injin kuma ba za ta bari a ji kiransa ba. Muddin ana yanka, yara su kasance a cikin gida, a hannun wani babba wanda ba shi ne matuƙin ba.

Me ya kamata a yi kafin a murɗa makulli?

A fara da taka filin da ƙafa. A kwashe duwatsu da kwalabe da ƙasusuwa da igiyoyi da guntayen rodi da magina suka bari, a kuma kafa alama a kan ramuka da kututture da bakin famfo da ciyawa ta lulluɓe. Filin da aka yi taro a cikinsa jiya, ko aka kafa rumfuna, ya fi kowane buƙatar wannan zagaye, saboda turakun ƙarfe da ake mantawa a ƙasa.

Daga nan a duba injin: baƙin mai, iskar tayoyi, birki, da ko fetur yana ɗiga daga wani tiyo. A tabbata murfin da ke bakin fitar ciyawa yana sauke a wurinsa. Masu aiki suna son ɗaure wannan murfi sama da waya domin ciyawa ta fita da sauri, kuma na ga abin da hakan ke jawowa. Wata safiya wani ma'aikacinmu yana yanka kusa da ajujuwa da murfin a ɗaure, sai muka ji ƙarar fashewar gilashi. Da muka shiga ajin, wata tsakuwa ce da ba ta kai girman goro ba, ta huda tagar ta bar rami zagayayye, ta je ta daki allo. Tsakanin injin da tagar ya fi taku 20. Ranar hutu ce, ajin ba kowa, kuma tun daga ranar ban sake barin injin ya fita da murfin a ɗage ba.

Sutura ma tana cikin shiri. Babbar riga, da doguwar riga mai jan ƙasa, da mayafi ko rawani mai lilo, duk bel zai iya kama su. A sa dogon wando, da riga mai kama jiki, da rufaffen takalmi mai tauri, ba silifa ba, da tabarau na kariya. A toshe kunne, domin ƙarar injin tana kaiwa desibel 90 ko fiye, alhali daga 85 ne ake ɗaukar cewa yinin aiki yana cutar da ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Injin yana mutuwa duk lokacin da na ɗan tashi daga kujera. Zan iya sa makanike ya haɗe wayoyin?

Wannan ba lalacewa ba ce, aikin da aka yi shi domin sa ke nan. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin kujera da nauyin matuƙi ke dannawa, kuma da zarar nauyin ya ɗauke alhali wuƙaƙe suna aiki, sai ya kashe injin. An sa shi ne domin ranar da matuƙi zai faɗo, ko reshe ya ture shi, ko ya manta ya sauka ya ɗauke wani abu daga gaban injin. Haɗe wayoyinsa aikin minti biyu ne, kuma akwai makanikan da za su yi ba tare da sun tambayi dalili ba, amma wanda ya sa aka yi hakan ya cire abu guda da ke tsakanin ƙafarsa da wuƙa.

Idan injin yana mutuwa alhali kana zaune daram, to maɓallin ne ya lalace ko soket ɗinsa ya saki, sai a gyara ko a sauya. Yana da kyau a riƙa gwada shi lokaci-lokaci: a wuri shimfiɗaɗɗe, ba kowa kusa, a sa wuƙaƙe aiki, a ɗan ɗaga jiki daga kujera. Idan injin bai fara mutuwa nan take ba, kada a fita da shi.

Me ya sa wuƙaƙe suke tsayawa idan na sa ribas?

Saboda tafiya da baya ita ce hanyar da aka fi take yara da ita, shi ya sa ƙa'idar Amurka da aka sabunta a 2003 ta tanadi cewa injin ya daina yanka idan ya koma baya. Injuna da yawa suna da maɓallin da ke ɗage wannan kariya na ɗan lokaci, amma shawarata ita ce a bar shi. Idan ja da baya ya zama dole, a kashe wuƙaƙe, a waiwaya a dubi ƙasa, ba nesa kawai ba, sannan a ci gaba da kallon bayan har a tsaya.

Yaya ake yanka a gangare?

Nan ne aka fi rasa rai, don haka zan daɗe a kansa. Yawancin littattafan injunan sun hana aiki a gangaren da ya wuce digiri 15, wasu ma ƙasa da haka. Ido yana yaudara wajen ƙiyasta gangare, amma auna shi ba wuya. A samo katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 1, a ɗora kai ɗaya a ƙasa ta gefen tudu, a daidaita shi da ma'aunin lebur irin na magina, sannan a auna tazarar da ke tsakanin ɗaya kan da ƙasa. Idan ta haura santimita 27, gangaren ya wuce digiri 15, sai a yi wurin da injin turawa ko na rataye a kafaɗa ko lauje.

Mai sitiyari ana hawa da shi ne a sauko, ba a ratsa gangare a kaikaice, domin a kaikaice ne yake kifewa. Wannan akasin na turawa ne, wanda shi a kaikaice ake bi da shi, kuma wanda ya saba da ɗaya yakan ɗauko ɗabi'arsa ya kai wa ɗayan. Mai sanduna biyu yana da tasa matsalar: tayoyinsa na gaba ba sa riƙe hanya, jujjuyawa kawai suke yi, tuƙi da tsayawa duk a tayoyin baya suke. Idan yana gangarowa nauyi ya koma gaba, na bayan suka saki ƙasa, to matuƙi ya rasa tuƙi da birki a lokaci ɗaya. Saboda haka irin wannan sai an karanta abin da littafinsa ya ce game da gangare kafin a kusanci ko da ƙaramin tudu.

A kowane iri, a zaɓi tafiya a hankali tun kafin a shiga gangaren, kada a tsaya ko a tashi ko a juya a tsakiyarsa, kada kuma a sa shi a furi a bar shi ya gangara da kansa. Idan taya ta fara sulɓi, a kashe wuƙaƙe a sauko kai tsaye sannu a hankali. Kada matuƙi ya sa ƙafa a ƙasa da nufin tare injin da ya karkata. Buhun tara ciyawa da ke rataye a baya yana sauya daidaiton injin idan ya cika, a zubar kafin a hau. Jiƙaƙƙiyar ciyawa a gangare kuwa ba a taɓa ta sam, sai ta bushe.

Bakin lambatu da rafi da kududdufi da kwalbati a bar musu tazarar da ta kai faɗin injin sau biyu. Da damina ƙasar gaɓa tana laushi ta ƙarƙashi alhali samanta yana nan kore shar, kuma taya guda ce kawai za ta zurma injin ya juye.

Ƙarfen da ke bayan kujera da ɗamarar kujera fa, dole ne?

Idan injin ya zo da su, tare suke aiki. Ƙarfen yana hana injin danne matuƙi idan ya kife, ɗamarar kuma tana riƙe shi a cikin sararin da ƙarfen ya kare. Don haka ƙarfe a miƙe, ɗamara a ɗaure. Idan an naɗe ƙarfen domin wucewa ƙarƙashin rassa, a kwance ɗamarar, a kuma miƙar da shi da zarar an wuce. Injin da ba shi da ƙarfen ba a ƙirƙira masa ɗamara, kuma ƙarfen da ya lanƙwashe ba a kai shi wurin mai walda, sabo ake sawa.

Ciyawa ta toshe kasko, ko na ji wuƙa ta bugi wani abu. Me zan yi?

Tsarin ɗaya ne kowane lokaci, kuma ba a tsallake ko ɗaya: a kashe wuƙaƙe, a ja birkin ajiya, a kashe inji, a zare makulli, a jira sai komai ya tsaya cik, sannan a zare wayar fulogi. Bayan haka ne za a cire cushewar, da sanda, ba da hannu ba. A tuna cewa bel ɗaya ne ya haɗa wuƙaƙen, juya ɗaya yana iya juya sauran. Idan bayan bugun injin ya fara karkarwar da ba a saba ji ba, wuƙa ce ta lanƙwashe ko sandar da take ɗaure a kai, kuma ci gaba da aiki a haka zai cinye boris ya tsattsage kasko.

Idan tsautsayi ya auku, wuƙa ta sari mutum fa?

A kashe injin, a danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, a garzaya asibiti. Kada a zuba fetur ko baƙin mai ko toka a kai. Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar a cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi tare da majinyacin.

Mene ne ƙa'idar zuba fetur?

A waje ake zubawa, inji a kashe, bayan ya huce na aƙalla minti 2, babu sigari ko wuta kusa. Kada a cika tanki har wuya, domin fetur yana kumbura idan ya ji zafi. Idan ya zube a jikin injin, a goge, a tura shi gefe, a jira ya bushe kafin a tayar. Jarka a ƙasa ake ajiye ta a cika ta a gidan mai, ba a bayan mota ba.

Fetur yana fara lalacewa bayan kimanin kwana 30, ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireto, don haka a sayi na wata ɗaya kawai. Masu ƙera injunan sun amince da fetur mai gaurayen itanol har kashi 10 cikin 100, ba su amince da fiye da haka ba. Man bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, arahar da aka samu a kansa kafireto ne zai biya ta. Haka kuma kada a bar injin yana aiki a cikin gareji ko sito a rufe, domin hayaƙinsa irin na janareta ne, yana ɗauke da iskar nan marar launi marar wari da ke kashe mutum bai farga ba.

Yaushe ake juyen baƙin mai, kuma wane iri ake zubawa?

Sabon inji ana yi masa juyen farko bayan awa 5 zuwa 8 na aiki, saboda ɓarɓashin ƙarfe da sababbin sassa ke zubarwa. Daga nan kowace awa 50, ko awa 100 a wasu injunan masu matatar mai, ko sau ɗaya a shekara idan awannin ba su cika ba. Wanda injinsa ba shi da agogon ƙidayar awa ya ajiye ɗan littafi a sito yana rubutawa, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan lissafi.

A wuri mai zafi baƙin mai mai lamba SAE 30 ya dace. Ana iya amfani da 10W-30, amma idan zafi ya haura digiri 27 injin yakan fi shan sa, sai a ƙara yawan dubawa. Yawancin injunan suna ɗaukar lita 1.4 zuwa 1.9. A ɗan ɗumama injin kafin juye domin man ya zubo da dattinsa, a auna a wuri shimfiɗaɗɗe, kada kuma a wuce alamar cika, domin yawan mai yana sa hayaƙi ya jiƙa matatar iska. Tsohon man a tara a jarka, kada a zuba a lambatu ko a gindin bishiya.

Filinmu yana da ƙura sosai. Akwai abin da ya kamata in ƙara?

Akwai, kuma a ganina wannan ne ke raba injin da zai yi shekara goma da wanda zai mutu a shekara biyu. Littattafan suna cewa a wanke soson da ke lulluɓe da matatar iska kowace awa 25, a sauya ta takardar kowace awa 100, sannan su ƙara da cewa a yawaita idan akwai ƙura. Wanda ke aiki da hunturu, ko a filin da rabinsa ƙasa ce tsirara, ya duba ta kowace rana. Matatar takarda ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, ba a kuma hura ta da iskar mai faci, domin iskar tana yi mata ƙananan huda da ido ba ya gani. A ɗan bubbuga ta a hankali, idan ta yi baƙi a sa sabuwa.

Mun taɓa rasa inji sukutum a kan wannan. Matatar ta toshe, ba a sami sabuwa a kusa ba, sai wani ya cire ta ya cusa soson katifa a gurbinta. Injin ya yi ta aiki lafiya har wata biyu, daga nan ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da makanike ya buɗe, sai ya shafa yatsa a cikin bututun shigar iska ya miƙo mini, na murza na ji yashi ƙiris-ƙiris. Wannan yashin ne ya goge zoben fistin da bangon silinda kamar an bi su da takardar gogar katako. Kuɗin gyaran ya isa sayen matata ta shekaru masu yawa.

Tun da iska ce ke sanyaya injin, a riƙa share ragar da ke samansa da haƙarƙarin silinda. Busasshiyar ciyawar da ta taru kusa da salansa tana kama wuta, don haka a kakkaɓe bayan kowane aiki, a kuma bar injin ya huce a waje kafin a shigar da shi sito.

Yaya ake wasa wuƙaƙe?

Bayan kimanin awa 25 na aiki, ko da zarar an ga kan ciyawa yana yagewa yana yin fari bayan yanka. Filin yashi yana cin wuƙa fiye da haka. A zare makulli da wayar fulogi, a cire kaskon ko a ɗaga injin a tokare shi da abu mai ƙarfi, kada a shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi. A sa safar hannu mai kauri, a cusa guntun katako ya tare wuƙar, sannan a kwance notin. A wasa da magagari ko injin washi ana bin karkatar bakin ta asali, ba a neman kaifin aska, domin irinsa nan da nan yake dakushewa.

Bayan washi a rataye wuƙar ta ramin tsakiya a kan ƙusa da aka kafa a bango. Gefen da ya rinjaya ya fi nauyi, a ƙara rage shi har ta tsaya daidai. Wajen mayarwa, fiffiken da ya lanƙwasa ya kalli sama, a ɗaure notin da ƙarfin da littafin ya faɗa. Wuƙar da ta tsage ko ta lanƙwashe ko yashi ya siranta fiffikenta, jefarwa ake yi. Ba a miƙar da ita da guduma, ba a yi mata walda, domin guntun da ya ɓalle a irin wancan gudu ba a san inda zai sauka ba.

Yankan yana fitowa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mene ne dalili?

A fara da tayoyi kafin a taɓa komai. Iskarsu kaɗan ce: a irin mai sitiyari, yawanci 14 a gaba, 10 a baya, a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi. Mai facin da ya saba da tayar mota zai iya dura 30 idan ba a gaya masa ba, kuma hakan yana karkatar da kasko, yana rage riƙon ƙasa a gangare. Idan iskar ta yi daidai, a auna tsayin bakin wuƙa daga dandamalin siminti hagu da dama su zo ɗaya, gaba kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6.

Wane tsayi ya kamata a yanka?

Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka ɗaya. Ƙiri-ƙiri, wadda aka fi shimfiɗawa a filayen wasa na ƙasashe masu zafi, tana yin kyau tsakanin santimita 2.5 da 5. Idan ruwa ya hana aiki har ciyawa ta yi tsawo, a ɗaga kasko a bi sau ɗaya, a sake bi bayan kwana biyu. Totur a cike ake yanka, gudun tafiya ne ake ragewa.

Injin ya ƙi tashi. Ta ina zan fara?

Idan ko motsi bai yi ba, a duba ko an taka birki, ko maɓallin wuƙaƙe yana kashe, ko ana zaune a kujera, domin ɗaya daga cikinsu ya isa ya hana shi. Sai fis, sai kan batir. Batir mai ƙarfin volt 12 idan ya cika yana nuna kusan 12.6. Wajen cire shi baƙar waya ake fara kwancewa, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Idan yana juyawa amma bai kama ba, tsohon fetur ne ko matatar fetur ko fulogi, wanda tazarar bakinsa a yawancin injunan milimita 0.76 ce. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 5 zuwa 10 a jere. Ba a tura shi domin ya tashi kamar mota. Injin da giyarsa ke aiki da matsin mai yana da wata sanda a baya da ake ja kafin a tura shi da hannu zuwa inuwa, kuma jan sa da mota yana lalata giyar.

Idan ciyawa ta daina fitowa da rani, yaya za a ajiye shi?

A kankare ciyawar da ta manne a cikin kasko, domin damshinta ne ke cin ƙarfen. A yi juye, a sa giris a duk inda aka yi masa baki, a duba bel ko ya tsattsage. A zuƙe fetur ɗin, a tayar da injin a waje har ya mutu da kansa domin kafireto ya bushe, ko kuma a zuba maganin hana fetur lalacewa. A cire batir a ajiye a inuwa, a riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata. A rataye makulli inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ranar da za a fito da shi a farkon damina, kada a yi gaggawar murɗa makulli. A buɗe murfin saman injin a leƙa, domin ɓeraye suna sheƙa a tsakanin haƙarƙarin silinda suna gwaguyar wayoyi, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa na laka a bakin salansa da cikin akwatin matatar iska. A share duka, a zuba sabon fetur, a gwada birki da maɓallin ƙarƙashin kujera, sannan a taka filin da ƙafa kafin a shiga da injin.